Hatimin Baba a Ƙofar Jirgin Taurari

Talata, 7 ga Oktoba, bayan La'asar

Jiya Seidu ya dawo daga shagonsa na gyaran waya a Kokomlemle tun kafin Magariba, abin da ya daɗe bai yi ba. A nan kaɗai nake rubuta sunansa, a baki maigida ne. Ya ce in ajiye littafina in zo mu kalli fim. Na ajiye da sauri, ko shafin da na tsaya ban naɗe ba.

Tsohon fim ne na Turawa, ya girme ni, ya girme shi. Ya ce har yau ana karantar da shi a makarantunsu. Wasu mutane ne cikin fararen kaya suka bar duniya a jirgi, za su je wata tauraruwa da ta daina haske. Jirgin hawa bakwai ne, a hawan ƙarshe akwai wata ƙofa da aka hana su buɗewa. Seidu ya haddace shi kamar karatu. Yana da shafi a intanet inda yake yi wa mutane bayani da Hausa a kan abin da aka ɓoye cikin finafinai, don haka ba a minti biyu bai tsayar da hoto ba.

"Kin ga fitilar nan? Ido ɗaya. Wa ke da ido ɗaya?"

Na ce Dujal.

"Yauwa. Kin ga hawa bakwai? Sammai suke kwaikwayo. Mutanen nan ba wasa suke ba."

Ni hankalina yana kan matar matuƙin jirgin, wadda aka bari a duniya. Kaɗan aka nuna ta, tana tsaye bakin taga da kofin shayi da ba ta sha. Da a littattafan Kano ne da nake karantawa, da ita ce labarin gaba ɗaya. Shi bai tsayar da hoto a kanta ba.

Da aka zo kan ƙofar, sai ga fitilu a jikinta, uku uku, gida tara. Takwas suna ci, na tsakiya duhu. Ban san lokacin da na ce, "Kamar hatimin Baba."

Ya juyo ya dube ni. Rabon da ya dube ni haka tun kafin ɓarin da na yi bara. Sai na yi ta zuba. Na ba shi labarin yadda nake zama gefen Baba ina ƙarama yana zana gida tara a allo, ya cika takwas da haruffa ya bar na tsakiya, don nan ake sa sunan mai buƙata da na mahaifiyarsa. Ya ce, "Mulikatu, ashe kanki yana ja haka?"

Yau duk na wuni ina murmushi kamar sakarya.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da hantsi

Na kai wa Baba koko da ƙosai Maamobi. Yana kan buzunsa a ƙofar masallacin lungu, inda yake limanci tun ba a haife ni ba, mata biyu na jiran rubutun jarirai. Da ya hango ni ya ce, "Uwata ta zo, a ba ta hanya." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bakinsa bai taɓa furta Mulikatu ba. Ko ranar ɗaurin aurena wani ya sa ya faɗa a madadinsa.

Gwaggo Fusena, ƙanwarsa da ta riƙe ni tun rasuwar Mma, mahaifiyata, ta ja ni ɗaki ta lalubi ƙuguna kamar kullum, ta tabbata layar tana nan. Baba ya rubuta ta bayan abin bara, wani baduku a kasuwar Nima ya ɗinke ta da jar fata. Ba a buɗewa, ba a cirewa sai wanka.

Cikina wata huɗu ke nan yanzu. Daga su biyu sai Seidu, ba wanda ya sani. Wannan karon ko safar jariri ban saya ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan Azahar

Seidu ya tambaye ni ko ina da wata tsohuwar takarda ta Baba mai irin hatimin nan. Na ce babu. Ya ce ta ƙugunki fa? Na yi dariya, shi ma ya yi.

Litinin, 13 ga Oktoba, da safe

Layin wanka ya yi tsawo a gidanmu yau, sai da na daɗe kafin na shiga. Na bar layar a ƙusar bayan ƙofar ɗaki, inda nake barin ta kullum. Da na dawo tana nan a ƙusar. Shi ya riga ya fita.

Tana warin gam. Irin gam ɗin da yake liƙe gilashin waya da shi.

Laraba, 15 ga Oktoba, da yamma

Ban tambaye shi ba. Ban matsa fatar da yatsa ba. In ban matsa ba, ban sani ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Zelia, maƙwabciyarmu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titin Kotobabi, ta shigo min da cokali a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Ita Hausarta ta Zongo ce zalla, mace da namiji duk kai ne a wurinta, kuma kullum tana yi mini tsiyar Hausar littafi.

"Malama mai littafi, mijin ka ya zama babban mutum fa. Zo ka ga."

Muryarsa ce. Ya tsayar da fim a kan ƙofar, sannan ya ɗago wata takarda mai alamun naɗi ya haɗa su gefe da gefe. Gida tara a can, gida tara a nan. Na san hannun. Na san yadda Baba yake jan wutsiyar harafi kamar yana jin tausayin rabuwa da shi. Seidu ya ɗora babban yatsa a gidan tsakiya, amma yatsan bai kai ba. Rabin sunana yana waje, sunan Mma duka yana waje.

Yana cewa, "Jama'a, ku gaya mini, wa ya ɗauka a wurin wa?"

Zelia ta ce, "Chale, aboki, ni tsoro ma ya kama ni. Ina ya samu wannan takarda?"

Na ce tukunyata tana kan wuta. Babu abin da na ɗora.

Asabar, 18 ga Oktoba, da safe

Ga yadda muka yi, don kada gobe in gyara masa magana a zuciyata kamar yadda na saba.

Na ce, "Ka buɗe."

Ya ce, "Aro na yi. Zan mayar."

"Ba a buɗewa."

"Takarda ce, Mulikatu. Allah ke tsarewa, ba fata ba. Ke da kike karatu?"

"Da sunan uwata a wayar kowa?"

"Na rufe da yatsa."

"Yatsanka bai kai ba."

Ya kawar da kai. Sannan ya ce shi bai zagi Baba ba, tambaya kawai ya yi, kuma tun da ya buɗe shafin nan ba a taɓa kallon abinsa kamar wannan ba. Ko ina so ya mutu a cikin kwantena yana shaƙar hayaƙin dalma? Na ce ya ba ni takardata. Ya ciro ta daga bayan talabijin. Ya manne ta a kwali da salatif, ya ja kibiyoyi da jan biro, ya zagaye gidan tsakiya har sau biyu. Wai don kashi na biyu.

A littafi, nan ne mace take faɗin magana ɗaya da za ta sa namiji ya durƙusa. Ni na tsaya ina kallon salatif.

Na mayar da fatar ƙuguna. Babu komai a ciki, amma in na cire sai in ji kamar na fita tsirara.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan La'asar

Wani ya yanke bidiyon, ya cire tambayar, ya sa masa rubutu a sama: malaman Zongo da ƙungiyar asiri ta Turawa. Shi ke yawo yanzu daga waya zuwa waya. A trotro, motar haya, daga Kawukudi na ji muryar mijina tana fita daga jakar wata mata. Wanda ke gefenta ya ce ai ya san hannun, Malam Iliasu ne na Maamobi, a wurinsa ya yi allo. Ta ce, "Wannan dattijon? Allah ya raba mu da ɓoyayyen abu."

Na sauka kafin tashata, na ƙarasa a ƙasa.

Seidu ya goge nasa. Ya nuna mini da ya goge, kamar yaron da ya wanke hannu bayan ya cinye naman.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da hantsi

Ba mace ko ɗaya a ƙofar Baba. A bangon masallaci akwai wuri mai danshi, an goge wani abu da soso amma gawayin bai fita duka ba. Ido ne aka zana.

Baba ya ce, "Uwata, kin rame. Kina cin abinci kuwa?" Wayarsa ƙarama ce mai maɓalli, bai ga komai ba. An dai gaya masa wai surukinsa ya sa rubutunsa a sinima. Ya ce yaran yanzu komai sai sun ɗauki hotonsa, in sun gaji za su bari.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ja ni ɗaki, ta lalubi ƙuguna, wannan karon ta matsa. Fatar ta haɗe a tsakanin yatsunta.

"Sace ta ya yi?"

Na ce ina wanka.

"La'ananne. Ke ba ruwanki, 'yar nan, kin ji? Ba ruwanki. Bari abin nan ya lafa in sa yayana ya rubuta miki wata."

Na bar ta ta rungume ni. Ban gaya mata abin da na ce ranar Litinin ɗin can a gaban talabijin ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan Azahar

Dattawan masallaci sun je wa Baba su uku. Sun ce ya huta da limanci saboda idonsa, wani yaro da ya yi karatu a waje zai riƙa jan salla kafin a gani. Idon Baba lafiya lau. Gwaggo ta ce ya yi musu godiya, ya raka su har bakin gota.

Litinin, 27 ga Oktoba, da rana

Asibiti. Jinin kaɗan ne, ba kamar bara ba. Nas ta ce in kwanta, kada in ɗauki ko bokiti.

Laraba, 29 ga Oktoba, da yamma

Seidu ne ya kai ni, shi ya zauna a benci yana riƙe da takalmina a cinyarsa. Da muka dawo ya sayo mini kelewele mai zafi, soyayyar ayaba mai yaji, ya ɗebo ruwa, ya wanke kwanuka a tsakar gida matan haya suna kallonsa. Na ga idonsa ya yi ja. Da mugu ne da na huta.

Bai ce layar ce ba, ban ce layar ce ba. Nas ma ta ce hakan yana faruwa. Amma warin gam ɗin nan ya ƙi fita, na wanke fatar da sabulu, na shafa mata turare, yana nan.

Na kasa karatu. Na ɗauko littafin da na ajiye ranar can, na rasa inda na tsaya, kuma duk mazan ciki suna magana kamar sun san abin da za su ce tun jiya.

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan La'asar

Tsofaffin ɗaliban Baba sun tare Seidu jiya a bencin da yake zaman hira a Nima. Ba su taɓa shi ba, amma sun ce masa ɓarawon takarda a gaban abokansa, ɗaya ya tofar da yawu kusa da ƙafarsa.

Yau da safe ya sa sabon bidiyo, wannan karon da fuskarsa. Zelia ce ta sake kawo mini, amma ba ta yi tsiya ba, ta miƙo wayar ta koma bakin ƙofa.

Ya ce yana girmama Malam Iliasu kamar ubansa. Ya ce shi bai ƙirƙiri komai ba. "Ba ni na gano ba. 'Yar malam da kanta, matata, mace mai ilimi, ita ta fara gani, ita ta yi mini bayanin gidajen ɗaya bayan ɗaya."

Tun da aka kawo ni ɗakin nan nake jiran ranar da zai yabe ni a gaban mutane. Ga ta ta zo.

Da ya shigo na ce, "Me ya sa?"

Ya ce, "Ƙarya na yi?"

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da safe

Gwaggo ba ta ɗauki wayata ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan Magariba

Baba ya zo Kotobabi. Tun da na yi aure bai taɓa taka gidan nan ba, ya ce uba ba ya bin 'ya ɗakinta. Yau bayan Azahar sai ga sallamarsa a tsakar gida, shi kaɗai, da farar rigarsa ta Juma'a. Na aika aka kira Seidu daga shago. Ya shigo ya durƙusa tun daga bakin ƙofa, ya fara magana, Baba ya ɗaga hannu.

"Sinimar na zo gani. Sa mini."

"Baba, in kai wurin ƙofar kawai?"

"Daga farko. Ba a fara karatu daga tsakiya."

Ya ƙi kujera, ya zauna a tabarma. Mu uku muka kalli fim ɗin, ba wanda ya tsayar da hoto. Seidu yana ta gumi. Ni ina kan gado kamar yadda nas ta ce, ina kallon ƙeyar Baba, furfurar da ta leƙo ƙarƙashin hula. Ya tashi ya yi La'asar a gefe, ya dawo ya ce a ci gaba. Bai ce komai a kan ido ɗaya ba, bai ce komai a kan hawa bakwai ba. Da aka sake nuna matar nan a bakin taga, sai ya juya wajen Seidu.

"Wannan baiwar Allah fa? Ana mayar mata da mijinta?"

Seidu ya ce ba a nuna ba.

Baba ya ce, "Assha."

Na cusa bakin zane a bakina.

Da aka zo ƙofar ya ce a tsaya. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya daɗe. "Gida tara ne kuwa," ya ce. "Na tsakiya babu kowa." Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiga ba, Seidu ya gane, ya ɗauko kwalin. Baba ya dubi jan biron. Ya yi ta ɓamɓare salatif a hankali da farce, amma sai da ya tafi da fatar takardar a wani wuri. Ya naɗe ta yadda take a da, ya sa a aljihun gaba.

Sannan ya dube ni.

"An ce ke kika gani."

"Ni ce, Baba."

"Kika gaya masa abin da ake sawa a tsakiya."

"E."

Na jira ya tambaye ni dalili. Da ya tambaya da na ce dubana ya yi, Baba, duba ɗaya, na daɗe ba a dube ni ba. Bai tambaya ba. Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin abin da ba zai saya ba.

Seidu ya ce zai je masallaci ya ba dattawa haƙuri, zai yi wani bidiyon ya wanke komai. Baba ya ce, "A'a, ɗana. Ka yi biyu, sun isa."

Ya fita. Na tashi na bi shi duk da maganar nas. Yana sa takalmi, hannunsa ɗaya a bango. Ya buɗe baki, ya rufe.

"Mu... Mulikatu. Ki riƙa shan maganin da suka ba ki a asibiti."

Ya bi lungu ya tafi. Matan gida duk sun yi kamar suna wanke-wanke.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da safe

Ban san sunana yana da nauyi haka ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da yamma

Seidu ya samo wani fim ɗin, na mutanen ƙarfe. Yana kallo da abin kunne don kada ya dame ni. Ina ganin yatsansa yana tsayarwa, yana komawa baya, yana tsayarwa.

Ina kwance sai na ji motsi, ƙasa da inda fatar take. Kamar ƙaramin kifi ya juya. Bara ban kai nan ba. Na buɗe baki in gaya masa, na ga hasken talabijin a fuskarsa, na fasa.

Talata, 11 ga Nuwamba, bayan Azahar

Nas ta ce zan iya fita in dai a hankali. Na sayi koko da ƙosai na hau trotro zuwa Maamobi. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa masa. Zan ce Baba, ya motsa. Zai ce Uwata, da gaske? Na ma shirya inda zan tsaya.

An shafe bangon masallaci da sabon fenti. Buzun ba ya ƙofa. Gwaggo ta amsa gaisuwata tana tankaɗe, ba ta ja ni ɗaki ba, ba ta lalubi ƙuguna ba. Allunan suna jingine a bayan randa, an wanke su tas, kurtun tawada a kife a kansu.

Yana cikin ɗakinsa da carbi. Na durƙusa na ajiye kwanon a gabansa. Ya buɗe, ya duba, ya rufe.

"Na gode, Mulikatu."

Wannan karon ko tuntuɓe bai yi ba.